Ba A Cinikin Biri A Sama: Awon Tururi Da Ruwa A Rijiyoyin Zafin Ƙarƙashin Ƙasa

A filin Olkaria da ke kusa da tafkin Naivasha a ƙasar Kenya an haƙa ɗaruruwan rijiyoyi, da yawansu zurfinsu ya kai kilomita biyu zuwa uku. Abin da ake nema a cikinsu shi ne ruwan zafi da tururi waɗanda duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka dafa, domin a juya injuna da su a samar da wutar lantarki. A shekarar 1981 aka kunna injin farko a wurin, mai ƙarfin megawat 15, ya zama na farko irinsa a nahiyar Afirka. A yau sama da kashi 40 cikin 100 na wutar da Kenya take samarwa daga wannan zafi take fitowa. Habasha da Jibuti da Tanzaniya duk suna kan wannan hanya, kowace da irin nisan da ta yi.

Haƙa rijiya guda irin wannan yakan ci dala miliyan biyar ko fiye, kuma galibi kuɗin bashi ne da al'umma za ta biya. Saboda haka duk ranar da aka buɗe sabuwar rijiya ta yi ruri, farin tururi ya tokare sama, sai a ji sanarwa cewa an samu rijiya mai megawat kaza. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce daga ina wannan adadi ya fito. Wa ya auna? Da wace hanya? Kwana nawa aka yi ana awon? A kan wannan adadi ake sayen inji, a kansa ake cin bashi, a kansa kuma ake ƙulla yarjejeniyar sayar da wuta ta shekara ashirin ko fiye. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa awon abin da rijiya take fitarwa ya fi ƙarfin a bar shi a matsayin ƙaramin aikin ƴan fasaha da ake gamawa cikin gaggawa. Ya kamata a ba shi lokaci, a maimaita shi muddin rijiyar tana aiki, a sa shi a hannun ƴan ƙasa da suka ƙware, a kuma bayyana sakamakonsa ga waɗanda za su biya bashin.

Abin da ke fitowa daga rijiya

Wahalar awon ta samo asali ne daga yanayin abin da ake aunawa. A Larderello ta Italiya, inda Piero Ginori Conti ya kunna ƙwayayen fitila da ƙarfin tururin ƙasa a 1904, rijiyoyin busasshen tururi suke fitarwa, kuma awon abu guda mai gudu a bututu tsohon ilimi ne. Amma irin wannan fili kaɗan ne a duniya. Mafi yawan filaye, har da na gabashin Afirka, ruwa ne a ƙasa mai zafin digiri 250 ko 300, wanda nauyin abin da ke samansa ya danne shi ya hana shi tafasa. Da zarar an buɗe rijiya ruwan ya kama hanyar sama, matsin da ke kansa yana raguwa, sai wani kaso nasa ya rikiɗe ya zama tururi tun yana cikin bututu. Abin da ke isowa bakin rijiya cakuda ce ta ruwa da tururi, suna gudu tare amma kowane da saurinsa, wani lokaci ruwan yana bin ƙasan bututu, wani lokaci yana tafiya curi-curi. Mitar ruwa ta yau da kullum ba ta iya karanta wannan cakuda, haka ma mitar iska.

Don haka abu biyu ake bukatar sani a lokaci guda. Na farko shi ne nauyin abin da ke fita a kowace daƙiƙa, ruwa da tururi a haɗe. Na biyu shi ne yawan zafin da kowane kilo na cakudar yake ɗauke da shi, wanda masana suke kira entalfi, ake kuma lissafa shi da kilojul. Kilo guda na ruwa mai tafasa a digiri 100 yana ɗauke da kilojul 419, kilo guda na tururi a wannan zafi kuma yana ɗauke da 2,676. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ta sa sanin nauyi kaɗai ba ya wadatarwa.

Misali zai fayyace wannan. A ɗauka akwai rijiyoyi biyu, kowace tana fitar da kilo 50 a daƙiƙa. Ta farko ruwanta ya taso daga inda zafi yake digiri 250, wato kimanin kilojul 1,086 a kilo. Ta biyu daga inda yake digiri 300, kimanin kilojul 1,345. Idan aka raba tururi da ruwa a matsin bar 6, ta farko za ta ba da kashi 20 cikin 100 na tururi, wato kilo 10 a daƙiƙa, ta biyu kuma kashi 32, wato kilo 16. Injin da aka saba amfani da shi yana cin kimanin kilo biyu na tururi a daƙiƙa kafin ya ba da megawat guda. Ke nan ta farko megawat biyar ce, ta biyu takwas, alhali a ido da kunne da wuya a bambance su. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dabarar Russell James

Wannan matsala ta fara tsaya wa injiniyoyi a wuya ne a Wairakei ta ƙasar Niyu Zilan, tashar da ta fara aiki a 1958, kuma ita ce babbar tasha ta farko da aka gina a kan filin ruwan zafi. A can ne wani injiniya mai suna Russell James ya fito da hanyar da har yau ake amfani da ita a kowace nahiya, ya kuma wallafa ta a 1962. Ya lura cewa idan aka saki cakudar ta fita sarari ta bakin miƙaƙƙen bututu da isasshen ƙarfi, saurinta yakan kai wata iyaka, wato saurin sauti a cikin ita kanta cakudar, ba ya wuce nan. A wannan hali matsin da ke daidai leɓen bututun yakan tsaya sama da na iskar waje, kuma girmansa ya dogara ne ga nauyin abin da ke fita da kuma zafin da yake ɗauke da shi. Sai ya huda ƴar ƙaramar kafa mai faɗin milimita shida dab da leɓen, ya maƙala ma'aunin matsi.

Daga gwaje-gwajensa ya fitar da ƙa'ida guda: G × h^1.102 ÷ P^0.96 = 1,839,000. A nan G shi ne kilo nawa ke wucewa ta kowace murabba'in mita ta bakin bututu a daƙiƙa, h shi ne entalfi da kilojul a kilo, P kuma shi ne cikakken matsin leɓe da bar. Ƙa'ida ɗaya ce, amma abubuwan da ba a sani ba guda biyu ne, don haka ana bukatar awo na biyu. Akan sa bakin bututun ya fesa cikin wata hasumiya mai rage ƙara, inda tururi yake tashi sama, ruwa ya taru a ƙasa ya bi magudana zuwa wani akwati mai madatsa da aka yi wa tsaga mai siffar harafin V. Tsawon ruwan da ke bi ta tsagar shi ke nuna yawansa, kamar yadda ake auna ruwa a magudanan noman rani. Idan aka haɗa karatun leɓe da na madatsa, lissafi zai fitar da nauyi da entalfi gaba ɗaya.

A gwada da bututu mai faɗin santimita 20, matsin leɓe kuma bar 2. Idan entalfi 1,300 ne, abin da ke fita zai kai kimanin kilo 42 a daƙiƙa, madatsa kuma za ta nuna ruwa kusan kilo 25. Idan kuwa entalfi 2,000 ne, jimillar kilo 26 ce kawai, ruwan madatsa kuma kusan kilo 8. Ma'aunin leɓe karatu ɗaya ya bayar a duka biyun. Madatsar ce ta raba gardama, kuma bambancin ya shafi kuɗi kai tsaye: ta farko wajen megawat shida ce, tare da ruwa mai yawa da dole a nemi rijiyar da za a mayar da shi ƙasa, ta biyu kuma wajen megawat takwas da ruwa kaɗan.

Kyawun wannan hanya shi ne arha da sauƙi. Bututu, ma'aunin matsi, akwatin ƙarfe da ma'aikaci mai lura sun isa. Wannan ya sa ta dace da ƙasashen da ba su da kuɗin manyan na'urori. Sai dai sauƙin nata shi ne kuma yake sa a raina ta, a yi sakaci a inda bai kamata ba.

Inda kuskure yake shiga

Wuri na farko shi ne ranar buɗe rijiya. Akan fara sakinta ta fesa sama tsaye na ƴan sa'o'i domin ta wanke kanta daga tsakuwa da lakar haƙa. A wannan lokaci ana iya karanta matsin leɓe, amma ba a iya tara ruwan, saboda haka entalfi ƙiyasta shi ake yi daga zafin da aka auna a ƙasan rijiyar. Adadin da aka samu a ranar hasashe ne na masani, yana da amfani ga injiniya, amma bai kai a gina alkawari a kansa ba. Abin takaici, shi ne adadin da ya fi saurin isa kunnen jama'a, domin ranar ce ake ɗaukar hoto.

Wuri na biyu shi ne tudu. Ma'aunin matsi na yau da kullum yana nuna abin da ya ɗara matsin iskar wurin ne kawai, alhali ƙa'idar James cikakken matsi take bukata. A bakin teku akan ƙara bar guda. Olkaria kuwa tana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,000, inda matsin iska yake wajen bar 0.8, ruwa kuma yake tafasa a kimanin digiri 93. Ma'aikacin da ya karanta 1.2 ya ƙara 1.0 maimakon 0.8 zai samu 2.2 a inda gaskiya 2.0 ce, ya kumbura ƙarfin rijiyar da kusan kashi goma cikin ɗari ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba. Idan kuskuren ya bi rijiyoyi ashirin, an ƙirƙiro rijiyoyi biyu da babu su.

Wuri na uku shi ne datti. Ruwan waɗannan rijiyoyi yana ɗauke da narkakken silika da sauran ma'adinai, waɗanda suke daskarewa idan ya huce, kamar farin dattin da ke kama cikin butar shayi. Yakan toshe ƴar kafar leɓe, yakan taru a bakin tsagar madatsa ya sauya siffarta, sai karatu ya kauce a hankali ba tare da kowa ya farga ba. Haka kuma rijiya mai iskar gas da yawa ko mai gishiri sosai, irin na yankin Assal a Jibuti, tana bukatar gyaran lissafi, domin ƙa'idar an gina ta ne a kan ruwan Wairakei mai ƙarancin waɗannan abubuwa. A rijiya mai entalfi sosai kuma, ruwan da ke isa madatsa kaɗan ne, wani ma tururi yakan kwashe shi ya yi sama da shi, sai ƙaramin kuskure a madatsa ya zama babba a sakamako.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan daidaito. Mafi inganci ita ce a shigar da cakudar cikin tukunyar rarrabewa, inda take juyawa kamar guguwa, ruwa ya manne wa bango ya sauka, tururi ya fita ta tsakiya, sannan a auna kowane shi kaɗai: tururi da faranti mai huda da aka gitta a bututu, ruwa kuma da irin wannan faranti ko da madatsa. Tsadarta da nauyin kayanta su ne cikas. Tun farkon shekarun 1990 kuma aka samu hanya ta uku, wadda aka inganta a filin Coso na Kalifoniya, ta zuba sinadarin alama. Akan ɗura wani sinadari mai bin ruwa da wani mai bin tururi cikin bututu da ƙayyadadden sauri, a ɗebi samfuri a can gaba a ga yadda suka tsarma. Idan ana zuba miligiram 100 a daƙiƙa, aka samu miligiram 5 a kowane kilo na ruwa, to ruwan kilo 20 ne a daƙiƙa. Babbar fa'idarta ita ce ana yin ta rijiya tana kan aiki, ba a katse wuta ba. Sharaɗinta kuma shi ne ɗakin gwaji mai tsafta da ma'aikata masu riƙon amana.

Rijiya tana sauya hali

Ko da an kauce wa duk waɗannan kurakurai, awon rana ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa. A lokacin haƙa akan tura ruwan sanyi mai yawa cikin rami, don haka sabuwar rijiya tana bukatar makonni ko watanni kafin zafinta ya dawo. Bayan an buɗe ta, wata takan fara da ƙarfi ta sauka a hankali har ta tsaya a wani matsayi. Wata ruwanta yakan tafasa tun a cikin dutse kafin ya shigo rami, sai entalfi ya hau na wani lokaci, daga baya ya sauya. Wata kuma tana da mashiga biyu a zurfi daban-daban da suke karɓa-karɓa, ta yi ƙarfi yanzu, ta yi rauni bayan sa'a guda. Shi ya sa gwajin ƙwarai yake ɗaukar makonni da yawa, ana sauya girman bututun leɓe ko ana rage bawul, a jira rijiyar ta natsu a kowane mataki, har a zana layin da ke nuna abin da take bayarwa a kowane matsin bakin rijiya. Wannan layi shi ne ainihin bayanin rijiya. Faɗin megawat ba tare da faɗin matsin da aka auna shi ba kamar faɗin farashin hatsi ne ba tare da ambaton mudun ba.

Sannan rijiyoyin fili ɗaya daga tukunya ɗaya suke sha. Goma da aka gwada ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ba da megawat biyar, ba lallai su ba da hamsin ba idan aka buɗe su tare. Tarihi ya tabbatar da haka da tsada. A filin Geysers na Kalifoniya, inda aka fara a 1960, kamfanoni da dama sun yi ta gina tashoshi har ƙarfin injunan ya kai wajen megawat 2,000 a ƙarshen shekarun 1980. Matsin tururi ya faɗi, injuna suka zauna babu isasshen abin juya su, har sai da aka shimfiɗa bututun kawo tataccen ruwan bahaya daga garuruwan yankin, ɗaya a 1997, wani a 2003, ana ɗura shi ƙasa domin a farfaɗo da filin. Duk da haka wutar da yake bayarwa a yau ba ta kai rabin wancan adadi ba. A Ohaaki ta Niyu Zilan an buɗe tasha mai sama da megawat 100 a 1989, ruwan sanyi ya kutsa cikin rijiyoyin, abin da take bayarwa ya sauko ƙasa da rabi. A Momotombo ta Nikaraguwa an kafa injunan megawat 70 a shekarun 1980, kafin ƙarshen shekarun 1990 abin da ke fita ya dawo wajen megawat 10.

Awo shi kaɗai ba zai hana ruwan sanyi kutsawa ba. Amma shi ne yake fara ba da labari. Idan entalfi na rijiya yana sauka wata bayan wata, alama ce ta ruwan sanyi yana matsowa, wataƙila ma daga rijiyar da ake mayar da ruwa ƙasa ta kusa. Idan nauyi yana raguwa entalfi bai motsa ba, akwai yiwuwar ma'adinai suna toshe ramin, ko matsin filin ne yake faɗuwa. Kowace cuta da maganinta, kuma wanda ba ya awo a kai a kai sai wuta ta ragu a gidajen mutane yake sanin akwai ciwo, lokacin da magani ya riga ya yi tsada.

Hujjar masu gaggawa

Masu son a taƙaita gwaji suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Duk ranar da rijiya take fesawa sarari, tururin da zai iya zama kuɗi yana tafiya a iska, ruwan bashi kuma yana hawa. Rurin rijiya yana damun mutane da dabbobi, abin da ke da nauyi a Olkaria tunda wani ɓangare na filin yana cikin gandun namun daji na Hell's Gate, makiyayan Masai kuma suna zaune a kewaye. Tururin yana ɗauke da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take da haɗari idan ta taru, feshin ruwan kuma yana ƙona ganyaye. Ƙasar da jama'arta ke zaune cikin duhu tana da dalilin cewa ba za ta jira wata shida tana kallon ma'auni ba.

Amsar ita ce a rage ɓarnar gwaji, a bar tsawonsa yadda yake. Hasumiyar rage ƙara mai kyau, tafkin tara ruwa da aka shimfiɗa wa leda, da rijiyar mayar da ruwa da aka tanada tun kafin gwaji, suna kawar da mafi yawan illar. Kenya ma ta nuna wata mafita: tun daga 2012 kamfanin KenGen yake kafa ƙananan injuna a bakin rijiya, waɗanda suke fara sayar da wuta kafin a gina babbar tasha. Rijiyar da ke juya irin wannan inji tana biyan kuɗin kanta, kuma kowace rana tana ƙara bayyana halinta ga mai auna ta. Idan aka kwatanta asarar ƴan watanni da asarar sayen injin megawat 70 a ɗora shi a kan tururin megawat 50 na tsawon shekara ashirin da biyar, lissafin a fili yake. Bashin injin ba ya raguwa don tururi ya ragu.

Wa ke riƙe da mudu

Batun ya ƙara nauyi a inda mai rijiya daban, mai inji daban. A 2008 gwamnatin Kenya ta kafa kamfanin GDC domin ya ɗauki kasadar haƙa. A filin Menengai kusa da Nakuru shi ne yake haƙa rijiyoyi ya tara tururi, kamfanoni uku masu zaman kansu kuma aka ba kowane damar gina tasha mai megawat 35, ta farko ta fara aiki a 2023. Tsari ne mai ma'ana, domin ƴan kasuwa ba sa son zuba kuɗi a ramin da ba su san abin da ke cikinsa ba. Amma a duk tsari irin wannan, a kowace ƙasa, ranar da wuta ta gaza abin da aka yi alkawari tambaya ɗaya ce za ta taso: tururin ne bai isa ba, ko injin ne yake cin fiye da ƙima? Ma'auni ne kaɗai zai amsa, kuma amsar ita za ta nuna wanda zai biya tara, baitulmali ko ɗan kasuwa. A kasuwar hatsi kowa ya san dalilin da ya sa ba a barin mai sayarwa shi kaɗai ya zo da mudunsa ya kuma auna a bayan rumfa.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa. Na farko, hukumar da ke sa ido kan wutar lantarki ta wajabta cewa duk adadin da za a gina yarjejeniya a kansa ya zo da bayanin hanyar awo, tsawon gwaji, matsin bakin rijiya, da iyakar kuskuren da ake tsammani, sannan a tabbatar da shi ta hanya ta biyu, misali a gwada sakamakon leɓe da na sinadarin alama. Masu ba da tallafi, irin asusun rage kasadar haƙa da Tarayyar Afirka ta kafa a 2012 tare da Jamus da Tarayyar Turai, suna da ikon sa wannan cikin sharuɗɗansu.

Na biyu, a riƙa bayyana tarihin awon rijiyoyin da aka haƙa da kuɗin jama'a. Akan ce sirrin kasuwanci ne. Wannan hujja tana da ƙarfi kafin a ƙulla ciniki, amma bayan an ƙulla, wanda yake biyan kuɗin wuta da haraji yana da haƙƙin sanin ko dukiyar da aka ci bashi dominta tana ƙaruwa ko tana raguwa. Jami'o'i ma da waɗannan alƙaluma za su horar da ɗalibai, maimakon su dogara da misalan filayen wasu nahiyoyi.

Na uku, kuma shi ne ginshiƙi, a mallaki masu awon. Nasarar Kenya ba ta rasa nasaba da dogon lokacin da ta ɗauka tana tura matasanta koyo, musamman a shirin horarwa da aka kafa a Aisilan a ƙarshen shekarun 1970 ƙarƙashin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga baya ya riƙa gudanar da gajerun kwasa-kwasai a Naivasha ga ƴan ƙasashen yankin. Ƙasar da sai ta ɗauko baƙo kafin ta san abin da rijiyarta take fitarwa za ta yi awo ne kawai ranar da take da kuɗin jirginsa, alhali rijiya kullum take sauyawa. Aikin kuma ba ya bukatar mutum ɗari. Ƴan ma'aikata kaɗan da suka iya gyara ma'auni, suke kankare madatsa, suke rubuta karatu a kan lokaci ko da babu mai duba su, sun fi tarin na'urorin da babu mai kula da su.

Ɗalibin kimiyyar ƙasa ko injiniyanci a Yamai ko Damagaram ko Ngaoundere zai iya ganin wannan batu ya yi masa nisa. Gaskiya ne maɓuɓɓugan ruwan ɗumi irin na Tafadek a tsaunukan Ayar ko Wikki a Yankari ba su kai zafin Olkaria ba, kuma babu tashar irin wannan a yankin. Amma ilimin ɗaya ne da wanda ake bukata a rijiyar burtsatse, inda gwajin famfo na sa'a biyu yakan sa a ɗora wa gari tanki da injin da rijiyar ba za ta iya ciyarwa ba idan rani ya tsananta. Wanda ya iya tambayar da wace hanya aka auna, kwana nawa, a wane matsi, kuma wa ya tabbatar, zai yi amfani a bakin kowace rijiya, ta ruwa ce ko ta mai ko ta tururi. Waɗannan tambayoyi huɗu su ya kamata ɗan majalisa da ɗan jarida da jami'in baitulmali su riƙa yi duk lokacin da aka sanar da sabuwar rijiya mai megawat kaza, kafin a sa hannu a takardar bashi.